Hanyar Gwanja Daga Kan Dutse

Har wa yau akwai tsofaffi a garuruwan Hausa waɗanda in an ambaci Gwanja sai fuskarsu ta washe. Ba su taɓa zuwa ba, amma sun ji a bakin kakanninsu yadda ayari yakan tashi bayan damina, jakuna ɗauke da kanwa da baƙin yadi da jar fata, ya yi wata da watanni a hanya, ya komo da goro. Sun san labarin madugu da jagaba da uban dawaki, sun san yadda ake yada zango, da yadda ake biyan fito a bakin kogi. Labarin yana da daɗi, gaskiya ne kuma. Amma akwai waɗanda suka bi hanyar, akwai kuma waɗanda hanyar ta bi ta ƙofar gidansu. Labarin na biyun nan ba safai ake jinsa a zango ba. Wanda yake so ya ji shi, sai ya je arewacin Jamhuriyar Benin, ya sauka daga mota, ya hau dutse da ƙafarsa.

Bari mu fara da hanyar kanta, gama yara da yawa yau ba su san ta ba. Goron da fatake suke nema a kurmin Asante yake yi, wato ƙasar da kakanninmu suke kira ta Tonawa, a kudancin Gana ta yanzu. Daga can ake kawo shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, inda fataken Hausa suke jiransa. Ayarin da ya tashi daga Kano ko Sakkwato yakan haye Kogin Kwara a wajen Yawuri ko Busa, ya shiga ƙasar Bargu, ya bi ta Nikki ko Paraku, ya yada zango a Zugu, sa'an nan ya miƙe zuwa Salaga. Paraku shi ne Parakou, Zugu kuwa shi ne garin da ake rubutawa Djougou a allunan bakin titi. Ayarin nan ba ƙaramin taro ba ne. A shekara ta 1826 wani Baturen Ingila mai yawon bincike, Clapperton, ya gamu da wani ayari a Kayama yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun fi 1,000, dabbobin kaya kuma kamar haka.

Zugu ta ci albarkacin wannan hanya ƙwarai. Tun dā garin kashi biyu ne. Akwai Kilir, inda fadar sarki take, sarakunan kuwa asalinsu daga ƙasar Gurma ne. Akwai kuma Wangara, unguwar baƙi 'yan kasuwa, inda masu masauki suke karɓar fatake, su ajiye musu kaya, su yi musu dillanci. Dandanci ne harshen kasuwa a can har yanzu, a Paraku ma haka, ko da yake mutanen karkara suna da nasu harsuna, kamar Yom da Lokpa. Babbar kasuwar Paraku sunanta Arzeke, Bahaushe kuwa ba ya bukatar tafinta ya gaya masa ma'anar wannan.

Hanyar ta fara rauni sa'ad da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874. Salaga ta fita daga hannun Tonawa, goro ya fara bin waɗansu kasuwanni. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga. A 1898 Ingila da Faransa suka raba ƙasar Bargu, Busa da Kayama suka faɗa wa Ingila, Nikki da Paraku suka faɗa wa Faransa. Da jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911, sai goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can a ɗora shi a jirgi. Jaki ba ya tsere da jirgi. Fatake da yawa suka zauna inda mutuwar hanyar ta same su, suka yi aure, suka haihu. Jikokinsu suna cikin unguwannin da ake kira Zongo a garuruwan nan.

Ɗaya daga cikin jikokin nan wani tsohon tela ne a Zongon Paraku, shekarunsa sun haura 70. Kakansa ya shigo ƙasar yana yaro mai korar jakuna, da ayari ya daina zuwa sai ya kasa kanwa da goro a kasuwa. Telan ya tarar da shi da rai, ya sha labarin Gwanja a bakinsa tun yana ƙarami, shi ma ya shayar da nasa jikokin. Yana da wani aboki manomin doya, mutumin Taneka, wanda yakan kawo doya kasuwar Arzeke. Sun yi shekara wajen 30 tare. Telan ne ya ɗinka wa 'ya'yan manomin kayan makaranta tun daga na fari har auta, manomin kuma bai taɓa barin gidan telan ya sayi sabuwar doya da kuɗi ba. Sau da yawa yakan ce, "Malam, sai yaushe za ka zo ka ga garinmu?" Telan yakan ce, "Sai aiki ya yi sauƙi." Aikin tela kuwa ba ya sauƙi, in Salla ta wuce Kirsimati tana tafe.

Wanda ya ta da tafiyar jikansa ne, yaro ɗan shekara 15. Wata rana ya komo daga makaranta yana ta dariya, yana ba ƙannensa labarin wani ɗan ajinsu, ɗan Taneka. Wai mutanensu a kan dutse suke zama kamar rema, wai ɗakunansu kamar rumbu, wai tsofaffinsu warki suke ɗaurawa har yau. Tsohon yana kan keken ɗinki yana ji. Bai yi masa faɗa ba. Ya ce, "Abokina, ka taɓa zuwa?" Yaron ya ce, "A'a, Kaka, amma kowa ya sani." Tsohon ya ce, "To, gani ya kori ji. In ɗinkin Kirsimati ya ƙare, ka shirya takalminka."

Daga Paraku zuwa Zugu kimanin kilomita 135 ne, hanyar kwalta. Abin da ayari yakan yi kwanaki yana ci, mota ta cinye shi kafin azahar. Suka haye Kogin Weme a gadar Beteru, ruwan ya ja baya saboda rani, duwatsun cikinsa sun fito. Suka wuce gonakin yazawa, da tarin auduga fari fat a bakin ƙauyuka ana jiran motar awo, da matan Fulani masu tallar cukun nan da ake kira wagashi, wanda sukan rina ja da karan dafi. Yaron ya yi barci rabin hanya. Suka kwana a Zugu a gidan wani ɗan'uwa. Da yamma tsohon ya zaga da shi kasuwa, ya nuna masa hanyar Kilir, ya ce, "A garin nan kakan kakanka ya fara ganin huhun goro tari bisa tari, ya ce bai taɓa sanin akwai dukiya haka a duniya ba."

Kashegari da sassafe suka shiga motar Natitingu, suka sauka a Kopargo, wajen kilomita 20 daga Zugu. Ɗan manomin yana jiransu, saurayi ne yanzu, shi ne wanda telan ya ɗinka wa wandon makaranta na farko a gidan. Masu babur, waɗanda ake kira zemijan a ƙasar, suka yi musu caa. Yaron har ya ɗaga ƙafa zai hau, tsohon ya riƙe hannunsa, ya ce, "Kakana da ƙafa ya zo daga Kano. 'Yan kilomitan nan ba za su kashe mu ba."

Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gabas, rana ta fito ja kamar garwashi. Duwatsun Taneka suna gabansu, dogon tudu ne mai manyan duwatsu, tsayinsa wajen mita 650 bisa teku. Ga wanda ya san Filato wannan ba wani tsayi ba ne, amma ƙasar da take kewaye da shi shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka ana hangensa tun daga nesa. Turbar jar ƙasa ce. Dama da hagu gonakin doya ne, waɗansu an riga an haƙe, waɗansu kuma an yi musu sababbin tsibi manya manya. Inda aka riga aka shuka, kowane tsibi an ɗora masa ɗan ganye a ka, an danne da ƙasa, don kada zafin rana ya dafa irin. Yaron ɗan birni ne, ya ci sakwara duk rayuwarsa amma bai taɓa ganin inda doya take kwana ba. Saurayin ya ari garma a hannun wani manomi, ya ce masa ya gwada. Ya yi tsibi guda, karkatacce, ya miƙe yana riƙe da ƙugu. Manomin ya yi dariya, ya nuna masa iyakar gonar da hannu, tsibi jere da jere har inda ido ya gaza.

A cikin gonakin an bar kaɗanya da ɗorawa tsaye, ba a sare su, gama a nan mata suke samun man kaɗanya da daddawa. Tsohon ya tsaya a inuwar wata ɗorawa yana huce gajiya, ya ce da jikan, "Ka yi tunani. Ayarin mutum 1,000 ba ya ɗauko tuwonsa daga Kano. A hanya yake saye. Gonaki irin waɗannan ne suka ciyar da su, su da jakunansu." Yaron ya ce bai taɓa jin wannan a labarin Gwanja ba. Tsohon ya ce shi ma yanzu ne ya faɗo masa a rai.

Mai tafiya da ƙafa dole ya yi gaisuwa. Suka gamu da mata ɗauke da itace, da wani dattijo yana tura keke, da ɗan Fulani yana kora shanu. Tsohon yana gaishe su da Dandanci, saurayin yana ƙarawa da Yom, kowa sai ya tsaya ya tambayi inda baƙin suka fito da wanda suka zo wurinsa. Tun ba su kai gindin dutse ba labari ya riga su, cewa telan Paraku ya zo.

Garuruwan Taneka na dā waɗanda aka fi sani biyu ne, Taneka Koko da Taneka Beri. Beri da Dandanci babba ke nan, kamar yadda Zabarmawa ma suke faɗa. Mutanen kuwa Tangba suke kiran kansu. Taneka Beri suka nufa. Daga gindin dutse turbar ta ƙuntata, ta shiga tsakanin duwatsu, sai dai a bi ɗaya bayan ɗaya. Saurayin yana gaba, tsohon a tsakiya da sandarsa, yaron a baya. A wani lungu inda sai mutum ya dafa da hannu kafin ya wuce, tsohon ya tsaya yana haki, ya dubi wurin, ya ce, "Doki ba zai iya bin nan ba." Saurayin ya ce, "Shi ya sa muke nan, Baba." Ya gaya musu akwai koguna a jikin dutsen inda mata da yara sukan ɓuya a zamanin hari. Waɗansu daga cikinsu wuraren tsafi ne har yanzu, baƙo ba ya shiga sai da izini.

Sai ga garin. Ɗakuna ne ƙanana, kewayayyu, na ƙasa, da jinkar ciyawa, kowace jinka an kife mata tukunya a ƙoli don kada ruwan sama ya shiga ta wurin ɗaurin. Suna da yawa, manne da juna, gajerun katangu sun haɗa wannan da wancan, rumbuna suna tsakaninsu. Ba a kawar da duwatsu don gini ba, ginin ne ya bi yadda dutse ya ba da wuri. Manyan kukoki suna tsaye nan da can. Abin da ya fara ba yaron mamaki shi ne shirun wurin. Gari mai ɗakuna haka, amma ba a jin komai sai carar zakara, da sakan turmi guda daga can wani gefe.

Kamar yadda ya wajaba ga baƙo, suka fara zuwa gaida sarki. Telan ya zo da goro fari da ja a ɗaure cikin ganye, ya miƙa da hannu biyu. Daga nan saurayin ya bi da su unguwa unguwa, gama garin unguwa 4 ne. Yana nuna musu inda za su taka da inda ba a takawa, domin abin da baƙo zai ɗauka tarin duwatsu ne kawai, mai yiwuwa bagade ne ko kabarin wani kaka. Yaron ya fito da wayarsa zai ɗauki hoto, saurayin ya ce masa, "Ƙanena, ka fara tambaya." A gaban wani ɗaki suka iske wani tsoho zaune a kan dutse, ba riga, sai fatar akuya a ƙugu, da hula a kai, da dogon lofe a hannu yana zuƙa a hankali. Ga warkin da aka yi wa dariya a Paraku. Saurayin ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, sa'an nan ya bayyana musu cewa wannan yana cikin masu riƙe da al'adun garin, shigar nan kuwa alamar aikinsa ce, sauran mutane riga da wando suke sawa kamar kowa. Telan ya dubi tsohon sama da ƙasa, ya ce da Dandanci, "Maigida, kai kaɗai ne na gani wanda ba zan taɓa cin kuɗinsa ba." Da aka fassara masa, tsohon ya yi dariya har tari ya kama shi.

Yaron ya tambaya ko garin kufai ne. Kakansa ya ce, "Dubi jinkar can. Ciyawar bana ce. Kufai ba ya samun sabuwar jinka." Saurayin ya ce haka ne. Tun da aka sami zaman lafiya mutane suka gangara, gama ƙasar noma tana ƙasa, ruwa da kasuwa da makaranta ma suna ƙasa. Waɗansu suna ƙauyukan gindin dutse, waɗansu suna Kopargo da Zugu da Paraku, waɗansu sun yi nisa fiye da haka neman gona. Waɗanda suke kwana a bisa kullum kaɗan ne, yawancinsu tsofaffi. Amma dangi ba sa barin ɗakinsu ya rushe. In lokacin bukukuwan tsara ya yi, ko na kaciya, wadda a wurinsu sai namiji ya girma ake yi masa a gaban jama'a, sai kowa ya komo, garin ya cika har ba masaka tsinke.

Da rana ta take tsaka suka kai wani fa a gefen garin inda ake ganin ƙasa duka. Wan manomin, dattijo mai furfura wanda yake jin Dandanci sosai, ya zo ya zauna tare da su. Hazo ya ɗan sauka, ana hangen kwaltar Natitingu kamar zare, motoci suna rarrafe a kai kamar tururuwa. Dattijon ya nuna musu wajen da ƙoramun da suke haifar Kogin Weme suke fitowa. Kogin nan da suka haye a Beteru a duwatsun nan yake farawa, ya yi tafiyar wajen kilomita 500 kafin ya kai tafkin da yake kusa da Kwatano a bakin teku.

Ya ce musu Tangba ba daga tsatso guda suka fito ba. Bisa ga abin da iyaye suka faɗa, akwai waɗanda asalinsu Kabiye ne, akwai Bargawa, akwai Gurmawa, akwai waɗansu kuma. Kowane ya zo da nasa sunan dangi da nasa al'adu, dutsen ya karɓe su, suka haɗu a kan harshe guda. Da yawa gudun masu kama bayi ne ya kawo su. Ya ce, "A kan fa ɗin nan akan ajiye mai tsaro. In ya ga ƙura ta tashi a fili, sai ya duba da kyau ko ta jakuna ce ko ta dawaki. In ta jakuna ce, iyayenmu mata su gangara da doya da dawa, su komo da gishiri da kanwa. In ta dawaki ce, a tattara yara."

Telan ya ce, "To, ai mutanenmu masu jakuna ne."

Dattijon ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Ban taɓa jin fatake sun hau nan da yaƙi ba. Mun ci riba da su, sun ci da mu. Amma mai doki ba ya wahalar kama abin da ba shi da mai saye."

A nan ne rabin labarin da ba a faɗa a zango yake. Cikin kayan da ayari yakan kai Gwanja akwai mutane. Salaga kasuwar goro ce, kasuwar bayi ce kuma, babba. Har yau akwai wani wuri a can wanda sunansa na Hausa ne, Wankan Bawa, inda akan yi wa bayi wanka kafin a kai su gaban masu saye. Ba kowane falke ne ya yi wannan ciniki ba, da yawa talakawa ne masu neman abin kai wa gida, waɗansu cikin masu ɗaukar kayan ma bayi ne su kansu. Duk da haka hanya guda ce, kuɗin kuma jaka guda yake shiga.

Telan ya daɗe bai yi magana ba. Sa'an nan ya ce akwai abin da bai taɓa gaya wa jikokinsa ba, ba don an hana ba, sai don ba a saba faɗarsa ba. Matar kakansa, wadda ta haifi ubansa, ba ta da garinsu. Madugun ne ya samo ta a hanya tana ƙaramar yarinya, ta girma a gidansa tana aiki, daga baya ya aurar da ita ga yaron jakunansa. Sunan da ake kiranta da shi irin wanda akan laƙaba wa bayi ne. Tana da zane a fuska wanda ba na kowa ba ne a Zongo. Ta goye shi, ta yi masa tatsuniya da Hausa tsantsa, amma in tana niƙa ita kaɗai takan yi wata 'yar waƙa da harshen da ba wanda ya sani. Kalma biyu kawai suka maƙale masa. Ya faɗe su ga dattijon. Dattijon ya sa ya maimaita, ya juya su a bakinsa, ya kira tsohon nan mai lofe aka tambaye shi. Dukansu biyu suka girgiza kai. Dattijon ya ce, "Ba namu ba ne. Amma duwatsu suna da yawa tsakanin nan da Gwanja, ba kowane yaro ne ya kai ga hawa ba."

Yaron ya ce, "Kaka, ashe mu ma..." Bai ƙarasa ba. Tsohon ya ce, "I, abokina. Jinin mai jaki yana jikinka, jinin wadda aka saya ma yana jikinka. Na ba ka labarin ɗaya shekara da shekaru. Yau ka ji na ɗayan."

Suka gangara ta wata turba dabam, wadda ta bi ta bayan garin ta faɗa cikin gonakin dawa da aka girbe. Gangara ta fi hawa wuya ga gwiwar tsoho, saboda haka yaron ya koma gaba, kakan ya dafa kafaɗarsa. A gidan manomin, a gindin dutse, an riga an kirɓa sakwara, an yi miyar gyaɗa da zabo. Manomin ya rasa inda zai sa kansa don murna, yana ta cewa shekara 30 yake roƙon wannan rana. Da suka ci suka ƙoshi, ya cika musu buhu da doya, ya rantse ba za su koma Kopargo da ƙafa ba. A wannan karo tsohon bai yi gardama da masu babur ba.

'Yan'uwa, da yawa cikin masu karanta wannan ba su da bukatar zuwa Benin kafin su gane abin da ake faɗa. Mutanen Kagoro, da na Tangale, da na Zuru, da na duwatsun Gwoza, da na wurare da yawa a Filato, sun san kakanninsu a bisa dutse suka zauna, sun kuma san abin da ya kai su can. Sukur ta Jihar Adamawa, wadda aka sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, irin wannan zama ce ta kan dutse. Waɗansu kuma cikinmu jikokin zango ne, waɗanda suka gāji labarin madugu. In aka tona da kyau, gidaje da yawa za su iske suna da kaka a wannan gefe da kaka a wancan, kamar telan nan, sai dai ɗaya ake ambata, ɗayar an bar ta ba suna ba gari. Yaron da ya ji rabin labari shi ne yakan yi wa ɗan ajinsu dariya. Wanda ya ji ɗaya rabin kaɗai kuma yakan tashi da ƙullin da bai san mafarinsa ba. Dukansu biyu suna zama benci guda a makaranta, gobe kuma za su yi ciniki a kasuwa guda.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Wanda har yanzu yake da tsoho ko tsohuwa a gida, ya zauna kusa da su tun suna da ƙarfin magana, ya tambaye su sunayen kakanni mata kamar yadda ake tambayar na maza, da garin da kowace ta fito, ya rubuta. Wanda kuma tsohon garinsu yake kan dutse, ya ɗauki 'ya'yansa da rani, su bar mota a gindi, su bi turbar da ƙafa, ya nuna musu inda doki ba ya iya wucewa.